Tarihin Fadar Wallenstein: Gidan Da Yaƙi Ya Gina A Birnin Prag, Wanda Ya Koma Majalisar Dattawa

A gindin tudun da tsohuwar fadar sarakunan Bohemiya take, cikin unguwar Mala Strana ta birnin Prag, babban birnin Jamhuriyar Cek, akwai wani katafaren gida da ake kira Fadar Wallenstein. A nan ne Majalisar Dattawan ƙasar, mai kujeru 81, take zama tun shekarar 1996. Zauren da sanatocin suke tafka muhawara a cikinsa kuwa, asalinsa bargar dawakai ce ta mutumin da ya gina gidan kusan shekaru 400 da suka shige.

Mutumin shi ne Albrecht von Wallenstein, babban kwamandan rundunar Sarkin Sarakuna Ferdinand na Biyu a Yaƙin Shekaru Talatin, wanda ya ɗaiɗaita tsakiyar Turai daga 1618 zuwa 1648. Ya gina fadar tsakanin 1623 da 1630, da nufin ta yi gogayya da fadar sarki da ke bisa tudu. Amma idan aka haɗa dukkan kwanakin da ya yi a cikinta, ba su wuce shekara guda ba. A watan Fabrairun 1634 aka kashe shi bisa umarnin sarkin da ya yi wa hidima.

Masu yawon buɗe ido suna zuwa ne don kallon lambu da zane-zane. Sai dai wanda ya bi diddigin inda kuɗin ginin suka fito, da hannayen da gidan ya bi daga baya, zai tarar da tarihin ƙasar Cek na shekaru ɗari huɗu a dunƙule cikin harabar gida ɗaya.

Unguwar da salon ginin

Kogin Vltava ne ya raba tsohon birnin Prag gida biyu. A gabashinsa akwai Tsohon Gari, inda babban dandali da kasuwanni suke. A yammacinsa kuma akwai Mala Strana, wato Ƙaramin Ɓangare, wadda Sarki Otakar na Biyu ya ba ta matsayin gari a 1257. Gadar Charles, wadda aka aza harsashinta a 1357, ita ce take haɗa su.

A 1541 wata babbar gobara ta cinye mafi yawan gidajen Mala Strana, har ta haura zuwa fadar sarki. Wannan ya buɗe wa masu sarauta ƙofar sayen kangwaye da filaye a kusa da sarki, domin a wancan zamani kusanci da fada shi ne kusanci da muƙami da arziki. Sannu a hankali unguwar talakawa da masu sana'a ta riƙa komawa unguwar manya.

Salon ginin da ake kira barok ya samo asali ne a birnin Rum na Italiya, a ƙarshen ƙarni na 16. Ya bunƙasa a daidai lokacin da Cocin Katolika take ƙoƙarin dawo da mabiyan da suka koma ɗariƙar Furotesta, don haka aka so gini ya riƙa kama ido, ya cika zuciyar mai shiga da mamaki. Alamominsa su ne manyan zauruka masu dogon rufi, zane a saman rufi wanda yake sa mutum ya ji kamar sama ce ta buɗe, adon filasta mai lanƙwasa, ginshiƙai, da lambun da aka tsara bisa awo. Sarakuna da masu sarauta sun rungumi salon saboda yana bayyana iko tun kafin mai gida ya buɗe baki. Masana tarihin gine-gine suna ɗaukar Fadar Wallenstein a matsayin babban gini na farko da ba na ibada ba da ya shigo da wannan salo birnin Prag, ko da yake akwai ragowar tsohon salon Italiya na ƙarnin da ya gabata a jikinsa.

Wane ne Wallenstein?

An haife shi ranar 24 ga Satumba, 1583, a ƙauyen Hermanice na arewa maso gabashin Bohemiya. Gidansu tsohon gidan sarauta ne, amma reshen da ya fito ba shi da wata dukiya ta a zo a gani. Iyayensa mabiya Furotesta ne, kuma sun rasu tun yana yaro. A 1606 ya koma Katolika, ɗariƙar gidan sarautar Habsburg da ke mulkin Bohemiya da Ostiriya, abin da ya share masa hanyar samun shiga a fada.

Aure biyu ne suka ɗaga shi. A 1609 ya auri Lucretia, wata bazawara mai manyan gonaki da garuruwa a yankin Morabiya. Ta rasu a 1614, ya gaji dukiyarta. A 1623 kuma ya auri Isabella von Harrach, 'yar ɗaya daga cikin makusantan mashawartan Sarkin Sarakuna. Auren farko ya ba shi kuɗi, na biyu ya ba shi surukai masu faɗa a ji a birnin Vienna.

Kamar manyan mutane da yawa na zamaninsa, Wallenstein ya yi amanna da duban taurari. A 1608 ya sa an nemi shahararren masanin taurarin nan Johannes Kepler, wanda a lokacin yake aiki a fadar Prag, ya lissafa masa taurarin haihuwarsa. Wannan sha'awa ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma ta bar alama a jikin bangon fadarsa.

Tawaye da ƙwace

Ranar 23 ga Mayu, 1618, manyan Bohemiya mabiya Furotesta, waɗanda suke ganin ana tauye musu 'yancin addinin da aka yi musu alkawari, suka shiga fadar Prag suka jefo wakilan sarki biyu da magatakardansu ta taga. Duka ukun sun tsira da ransu, amma wannan jifa ita ce ta kunna wutar Yaƙin Shekaru Talatin. A shekara mai bi 'yan tawayen suka tsige Ferdinand daga sarautar Bohemiya, suka naɗa Frederick na Palatinate, wani basaraken Jamus ɗan Furotesta.

Wallenstein, wanda a lokacin kanar ne a rundunar manyan Morabiya, ya zaɓi ɓangaren Ferdinand. A 1619 ya kwashe baitulmalin yankin daga garin Olomouc ya kai Vienna. 'Yan tawaye suka ƙwace masa gonakinsa, amma ya sami abin da ya fi su daraja, wato amincewar sarki.

Ranar 8 ga Nuwamba, 1620, aka gwabza a Farin Dutse, wani tudu da ke bayan garin Prag. Cikin abin da bai wuce sa'o'i biyu ba rundunar 'yan tawaye ta watse, Frederick ya tsere. Ranar 21 ga Yuni, 1621, aka kashe jagororin tawaye 27 a bainar jama'a a dandalin Tsohon Gari, aka rataye kawunan 12 daga cikinsu a kan hasumiyar Gadar Charles. Har yau akwai alamomin gicciye farare 27 a daɓen dandalin domin tunawa da su.

Daga nan aka shiga ƙwace. Gwamnatin sarki ta karɓe gonaki, garuruwa da gidajen ɗaruruwan iyalan da aka samu da hannu a tawayen. A 1627 aka yi sabon tsarin mulki da ya mayar da sarautar Bohemiya gadon gidan Habsburg, aka kuma bai wa masu sarauta 'yan Furotesta zaɓi biyu, ko su sauya ɗariƙa ko su bar ƙasar. Dubban iyalai suka yi hijira, cikinsu har da fitaccen masanin ilimin koyarwa Jan Amos Comenius. Dukiyar da aka ƙwace ta yi yawa a kasuwa, sarki kuma yana cikin matsananciyar buƙatar kuɗin biyan sojoji. Duk mai kuɗi a hannu a wannan lokaci, kakarsa ta yanke saƙa.

Inda kuɗin suka fito

A watan Janairun 1622 wasu manyan mutane suka kafa ƙungiya, suka karɓi hayar gidajen buga kuɗi na Bohemiya, Morabiya da wani sashe na Ostiriya daga hannun sarki na tsawon shekara guda. Cikinsu akwai gwamnan Bohemiya, Karl von Liechtenstein, da wani ma'ajin kuɗi mai suna Hans de Witte, da Jacob Bassevi, ɗaya daga cikin shugabannin Yahudawan Prag, da shi Wallenstein.

Dabararsu mai sauƙin fahimta ce. Kuɗin wancan zamani tsabar azurfa ne, darajarsu kuma tana ga yawan azurfar da ke cikinsu. 'Yan ƙungiyar suka riƙa sayen azurfa da tsofaffin kuɗi masu kyau, suna narkarwa, suna gauraya su da jan ƙarfe mai yawa, suna buga sababbin kuɗi masu ɗauke da tsohuwar lamba. Da azurfar da a da take ba da tsaba ɗaya, yanzu sai a fitar da tsaba da yawa. Kafin jama'a su farga, farashin kayan masarufi ya yi tashin gwauron zabo, masu albashi da masu ajiya suka tsiyace. A ƙarshen 1623 gwamnati ta karya darajar kuɗin a hukumance, asarar ta faɗa kan wanda kuɗin suke hannunsa.

Kafin a kai nan, Wallenstein ya riga ya juya nasa rabon zuwa ƙasa. Da waɗannan kuɗi marasa nauyi, da kuma bashin da yake bin sarki na sojojin da ya ɗauka masa, ya mallaki gomman gundumomin da aka ƙwace, mafi yawansu a arewa maso gabashin Bohemiya. Ya haɗe su suka zama ƙasa guda da ake kira Friedland, mai hedikwata a garin Jicin. A 1625 sarki ya naɗa shi Duk na Friedland, sarautar da take sama da ta sauran hakimai, mai ƙasa da talakawa da kotuna nata na kanta. Daga baya har tsabar kuɗi ya riƙa bugawa da hoton fuskarsa.

Yadda aka gina fadar

Mutum mai irin wannan matsayi yana buƙatar gida a babban birni. Wallenstein ya tattara gidaje sama da 20 a Mala Strana, da lambuna da wuraren gasa tubali, aka rushe su domin a sami fili. Ya ɗauko magina daga Italiya. Andrea Spezza ne ya fara jagorantar aikin har zuwa rasuwarsa a 1628, sannan Niccolo Sebregondi ya ci gaba. Akwai kuma Giovanni Pieroni, mutumin Florence, wanda ya haɗa ilimin gini da lissafi da taurari, kuma yana musayar wasiƙu da Galileo. Cikin shekaru bakwai, ana tsakiyar yaƙi, aka kammala rukunin gine-gine masu farfajiyoyi da dama, da lambu, da barga, da zauren horar da dawakai mai rufi.

Zuciyar gidan ita ce Babban Zaure, wanda tsayinsa ya ratsa hawa biyu. A tsakiyar rufinsa mai zane Baccio del Bianco, shi ma daga Florence, ya zana Mars, gunkin yaƙi na tsofaffin Rumawa, a kan karusar da dawakai suke ja. Tun da daɗewa ake ɗaukar cewa Wallenstein ne kansa aka nufa da wannan hoto. Duk baƙon da ya ɗaga kai a zauren, ya san gidan wa ya shigo.

Akwai ƙaramin coci mai sunan Waliyyi Wenceslas, wanda mutanen Bohemiya suke girmamawa a matsayin majiɓincin ƙasarsu. Akwai doguwar baranda da aka ƙawata da labaran almarar Girkawa da Rumawa. Wata barandar kuma ta taurari ce, inda aka zana duniyoyin da aka sani a lokacin, da buruji goma sha biyu, da nahiyoyin duniya. Ana danganta tsarin wannan baranda da Pieroni, kuma ta dace da halin mai gidan, wanda ba ya rabuwa da masu duban taurari.

A ɓangaren lambu aka gina wata gagarumar rumfa mai ƙofofi uku masu siffar bakan gizo, tsayinta ya kai kimanin mita 30, an zane rufinta da labarin yaƙin Troy. A nan ake cin abinci da karɓar baƙi a lokacin zafi. A gefe guda akwai wani dogon bango baƙi-baƙi da aka yi wa ado da curin farar ƙasa, ya yi kama da duwatsun da ke zubowa daga rufin kogo. Wanda ya ƙura masa ido zai riƙa hango siffofin macizai da kwaɗi da fuskoki a ɓoye. Kusa da shi akwai babban kejin tsuntsaye, can ƙarshen lambun kuma tafki mai tsibiri a tsakiya.

Abin da ya fi komai daraja a lambun shi ne mutum-mutumin tagulla da Adriaen de Vries ya ƙera. De Vries mutumin Holan ne da ya yi wa Sarkin Sarakuna Rudolf na Biyu aiki, kuma yana cikin gwanayen maƙeran tagulla na Turai a zamaninsa. Aikin Wallenstein shi ne na ƙarshe a rayuwarsa, domin ya rasu a Prag a 1626. Hatta dawakai ba a bar su a baya ba. An ruwaito cewa a bargar, komin cin abincinsu na dutsen marmara ne, kuma an rataya hoton kowane doki a saman turkensa.

Hawa da gangara

Yayin da magina suke aiki, mai gidan yana fagen daga. A 1625 ya yi wa Ferdinand tayin da babu sarkin da ke cikin ƙunci da zai ƙi: zai tara masa runduna da kuɗinsa da bashin da zai ciwo. Hans de Witte ne yake samo rancen daga kasuwannin kuɗi na Turai. Biyan bashin da ciyar da sojojin kuwa, a kan garuruwan da rundunar ta sauka ake ɗora su, ta hanyar harajin dole, ko garin na abokan gaba ne ko na masoya. Da wannan tsari rundunar ta kumbura har ta haura mutum 100,000, mafi yawansu sojojin haya daga ƙasashe dabam-dabam. Manoman Jamus ne suka ɗauki nauyin, da hatsinsu da dabbobinsu, sau da yawa har da rayukansu.

A 1626 ya ci nasara a kan Ernst von Mansfeld a gadar Dessau. Ya kori rundunar Sarki Christian na Huɗu na Denmak har gaɓar tekun Baltik, sarki ya saka masa da ƙasar Mecklenburg bayan an tsige masu ita na gado. Wannan ya tayar da hankalin sarakunan Jamus, har da 'yan Katolika irin su Maximilian na Bavariya. Tunaninsu shi ne, idan za a iya tsige tsohon gidan sarauta a bai wa wani ɗan Bohemiya da ya taso jiya, to babu wanda ya tsira. A taron Regensburg na 1630 suka matsa wa Ferdinand lamba har ya sallame shi. Da tsarin rancen ya rushe, de Witte ya rasa yadda zai yi da masu binsa bashi, ya hallaka kansa a rijiyar gidansa da ke Prag. A wannan shekarar ce aka kammala fadar.

Sallamar ba ta daɗe ba. Sarki Gustavus Adolphus na Suwidin ya sauka a Jamus a 1630, ya ragargaza rundunar Katolika a Breitenfeld a 1631, sojojin Saxony kuma suka mamaye Prag. Ferdinand ya koma ya roƙi mutumin da ya kora. Wallenstein ya dawo da iko fiye da na da, ya ƙwato Prag a watan Mayun 1632, sannan ya haɗu da Suwidawa a Lutzen a watan Nuwamba. Gustavus Adolphus ya mutu a wannan gumurzu, amma Wallenstein ne ya janye daga fagen. A farkon 1633 ya sa aka yanke wa wasu hafsoshi da sojojinsa hukuncin kisa a Prag bisa zargin gudu daga fagen fama, matakin da ya sanyaya gwiwar da yawa daga cikin manyan sojojinsa.

A tsawon 1633 ya rage yaƙi, ya yawaita tattaunawar sirri da Saxony da Suwidin, har da masu alaƙa da Faransa. Ciwon gaɓoɓi ya ci ƙarfinsa. Har yau masana tarihi suna saɓani a kan abin da yake nufi: wasu suna ganin sulhu yake nema wa daular da yaƙi ya gajiyar, wasu kuma suna ganin rawanin Bohemiya yake hari. A Vienna dai an yanke hukunci. Da ya sa hafsoshinsa suka yi masa rantsuwar biyayya a garin Pilsen a watan Janairun 1634, sai sarki ya tsige shi a asirce, daga baya aka ayyana shi maci amana.

Manyan janar-janar ɗinsa, irin su Matthias Gallas da Ottavio Piccolomini, suka juya masa baya. Ya nufi garin Cheb da ke kan iyaka da 'yan tsirarun sojoji, ba ya ko iya hawa doki. A daren 25 ga Fabrairu, 1634, aka gayyaci makusantansa huɗu walima a ganuwar garin, aka kashe su a wurin cin abinci. Hafsoshin haya ne daga Ailan da Sikotlan suka kitsa abin, wato Walter Butler, John Gordon da Walter Leslie. Daga nan wani kyaftin mai suna Walter Devereux ya fasa ɗakin kwanan Wallenstein ya soke shi da mashi. Yana da shekaru 50.

Gidan bayan mai shi

Abin da aka yi wa 'yan tawayen 1620 shi aka yi masa. Sarki ya ƙwace dukiyarsa ya raba wa waɗanda suka taimaka wajen kawar da shi. Gallas ne ya sami Friedland, kuma jikansa ne ya gina wata fadar barok a Tsohon Gari a farkon ƙarni na 18, wadda a yau ake kira Fadar Clam-Gallas. Wallenstein bai bar ɗa namiji ba, domin ɗansa tilo ya rasu yana jariri. Fadar Mala Strana ta koma hannun danginsa a 1639, lokacin da ɗan'uwansa Maximilian von Waldstein, wanda bai rasa amincewar sarki ba, ya mallake ta. A hannun zuriyarsa ta zauna sama da shekaru 300.

Babbar asarar gidan ta zo ne a ƙarshen yaƙin. A watan Yulin 1648, ana dab da sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ta Westphalia, sojojin Suwidin ƙarƙashin Janar Konigsmarck suka faɗa wa Mala Strana da fadar sarki cikin dare. Mutanen Tsohon Gari sun tare su a Gadar Charles, ba su bari sun ƙetare ba, amma yammacin kogi ya sha wasoso. Aka kwashe taskar zane-zane da littattafan da Rudolf na Biyu ya tara, aka kuma ɗebe mutum-mutumin de Vries daga lambun Wallenstein. Har yanzu suna Suwidin, a Drottningholm, fadar sarakunan ƙasar da ke kusa da birnin Stockholm. Waɗanda baƙi suke gani a lambun Prag a yau kwafi ne da aka yi a farkon ƙarni na 20. Lambun da aka ƙawata da ribar yaƙi, shi ma ganimar yaƙi ya zama.

Sunan mai gidan bai ɓace ba. Marubucin Jamus Friedrich Schiller ya kammala wasan kwaikwayo mai kashi uku a kan faɗuwarsa a 1799, wanda har yau yana cikin manyan ayyukan adabin Jamusanci. Gawarsa kuma, bayan an yi ta sauya mata wuri, tun 1785 take garin Mnichovo Hradiste, a ƙasar danginsa.

Daga gidan gado zuwa gidan jama'a

Da daular Habsburg ta rushe a 1918 aka kafa Jamhuriyar Cekoslobakiya, sabuwar gwamnati ta soke muƙaman sarautar gado, amma iyalin Waldstein sun ci gaba da riƙe gidan. Sai a 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta karɓe shi ƙarƙashin dokokin Shugaba Edvard Benes, waɗanda suka ƙwace dukiyar mutanen da aka lissafa a matsayin Jamusawa. Wannan shi ne karo na biyu da hukuma ta ƙwace gidan. A zamanin mulkin kwaminisanci, wanda ya fara a 1948, an mayar da shi ofisoshin gwamnati, wani sashe kuma ya zama gidan tarihin ilimi mai ɗauke da sunan Comenius, mutumin da guguwar da ta azurta Wallenstein ta kora daga ƙasarsa.

Mulkin kwaminisanci ya faɗi a 1989, Cekoslobakiya ta rabu gida biyu cikin lumana ranar 1 ga Janairu, 1993. Kundin tsarin mulkin sabuwar Jamhuriyar Cek ya tanadi majalisa mai zaure biyu, amma sai a watan Nuwamban 1996 aka yi zaɓen sanatoci na farko. Aka ba su Fadar Wallenstein tare da wasu fadoji biyu da ke maƙwabtaka da ita, wato Kolovrat da ƙaramar Furstenberg. Petr Pithart ne ya fara shugabantar majalisar. Ana zaɓen kowane sanata na tsawon shekaru shida, ana kuma sabunta kashi ɗaya cikin uku na kujerun duk bayan shekaru biyu.

An shafe shekaru ana gyaran gidan. Aka tsaftace zane-zanen rufi, aka farfaɗo da adon filasta, aka mayar da tsohuwar barga zauren muhawara, Babban Zaure kuma aka keɓe shi don bukukuwa da karɓar manyan baƙi. Ba a daɗe da kammalawa ba ambaliyar kogin Vltava ta watan Agustan 2002 ta mamaye ƙananan sassan Mala Strana, har ta taɓa harabar, aka sake komawa gyara. Zauren horar da dawakai kuwa yana hannun Gidan Zane-zane na Ƙasa, wanda yake shirya nune-nune a ciki. Tun 1992 dukkan tsohon birnin Prag, har da wannan gida, yake cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO.

Daga watan Afrilu zuwa Oktoba na kowace shekara ana buɗe lambun ga kowa, ba tare da biyan ko kwabo ba. Ɗaya daga cikin ƙofofinsa tana dab da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Malostranska, don haka ma'aikata da ɗalibai sukan ratsa ta ciki, su zauna a bakin tafki suna kallon kifaye da ɗawisu. A lokacin zafi ana yin kiɗe-kiɗe a ƙarƙashin rumfar nan mai ƙofofi uku. A wasu ranakun ƙarshen mako kuma ana buɗe tsofaffin zaurukan, jama'a su shiga Babban Zaure su ɗaga kai su ga Mars a kan karusarsa.